Na shuka ƙaya a tsakar gidanmu a Mafara, Kaka ta ce a duba lafiyata

1/ Jama'a ku ɗan ba ni hankalinku. Hutun da ya wuce na shuka ƙaya a tsakar gidanmu a Talata Mafara. Da gangan, cikin bokitin fenti, har da ban ruwa. Kakata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Wannan zaren labarin ƙayar ne da tarihin da na tono saboda ita. Yana da tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye sai dare. 🧵

2/ Daga Instagram abin ya faro. Ina kwance a ɗakinmu na makaranta a Sakkwato sai ga bidiyon wata Baturiya a lambunta a Ingila, da safar hannu, tana yabon wani tsiro mai ƙaya kamar ɗan da ta haifa. Wai har irinsa ake sayarwa cikin 'yar takarda. Na tashi zaune. Na ce wallahi wannan ɗan'uwan dayi ne.

3/ Ga 'yan birni: dayi, wasu su ce danyi, tsiro ne gajere da ke fitowa a gonaki bayan girbi da bakin hanya. Kansa na da ƙayoyi a baje kamar tauraro, furen na leƙowa daga tsakiya. Raƙumi na cinsa kamar an ba shi alawa. Mutum kuwa in ya taka ba takalmi sai ya kira sunan uwarsa.

4/ Masana tsirrai sun sa shi a jinsin Centaurea, cikin babban dangin da Turawa ke kira thistle. To abin da raƙuman kasuwar Talata ke kiwo a kyauta, danginsa ne ake wa ado da taki a Turai. Wannan ya tsaya min a rai.

5/ Na fara bincike, na ci karo da wani likita, J. M. Dalziel. A Edinbara ta ƙasar Sukotlan ya yi karatun likita, ya zo aiki Arewacin Najeriya a farkon mulkin Turawa. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Dayi na ciki, har da batun raƙuman.

6/ Abin dariyar shi ne ƙasar da ya yi karatu, ƙaya ce tambarinta. Ba dabino ba. Thistle. Tun wajen 1470, zamanin Sarki James na 3, take kan kuɗinsu na azurfa. A 1687 Sarki James na 7 ya kafa lambar girma mai sunanta, kuma har gobe ita ce mafi daraja a Sukotlan. Mutum 16 ake naɗawa, ban da 'yan gidan sarauta da baƙi.

7/ Suna da tatsuniya a kai. Wai mahara daga arewa sun zo cikin dare, suka cire takalma don kada a ji sawunsu, ɗaya ya taka ƙaya ya kurma ihu, gari ya farka. Tatsuniya ce, ba tarihi ba. Amma duk wanda ya taɓa taka tsidau da dare zai ce ba a yi ƙarya ba.

8/ Kada ku ɗauka duk Bature masoyin ƙaya ne fa. Da irinta ya bi Turawa zuwa Ostireliya ta cinye makiyayar tumaki, har yankin Victoria ya yi dokar kashe ta a 1856. A Birtaniya kanta dokar ciyayi ta 1959 ta lissafa tsirrai 5 masu ɓarna, 2 daga ciki thistle ne. Hukuma na iya tilasta maka ka hana su yaɗuwa daga filinka.

9/ Ƙasa ɗaya ke nan: mai lambu na saye, manomi na tsinewa. Kaka dai tana ɓangaren manomin Ingila ba ta sani ba.

10/ Wadda ta fi burge ni wata attajira ce, Ellen Willmott, ta rasu 1934. Ma'aikatan lambunta sun kai 100. Ana cewa in ta kai ziyara sai ta watsa irin wani tsiro mai ƙaya launin azurfa a lambun mutane a ɓoye, bayan shekara ɗaya ko biyu su ga abu ya fito. Har yau fatalwar Willmott ake ce wa tsiron. In a Mafara ne da tuni an kai ta gaban mai unguwa.

11/ To mu dawo gida, don a nan zancen yake. Mu da muke raina ƙaya, ku tsaya ku tuna: mene ne sarautar Maradun?

Sarkin Ƙaya.

12/ Sarautar na tafe da sunan garin Ƙaya, wanda har yanzu yana nan cikin ƙasar Maradun, ga kuma Birnin Ƙaya. Wannan fadar ce Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin ƙasar Bakura, ya yi wa kiɗa kafin sunansa ya game Arewa. Ya rasu 1991. Tun ina yaro nake jin "Sarkin Ƙaya" a rediyon Baba, ban taɓa tsayawa na ji kalmar ba sai da na shuka dayi.

13/ Ni ban ga abin kunya a sunan ba, in ka duba yadda aka zauna a ƙasar nan a ƙarni na 19. Zamfara bakin daga ce a lokacin. Sakkwato a yamma, Gobirawa a Tsibiri da Katsinawa a Maraɗi suna kawo hari daga arewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya yi ta kafa ribaɗi saboda wannan.

14/ Garin da ke son ya kwana lafiya, ganuwa kaɗai ba ta ishe shi. Ana haƙa gwalalo a bayanta, a bar ƙaya ta yi duhu a ciki da kewaye. Sarƙaƙiya ita ce gwana a wannan aikin, ƙayarta a lanƙwashe take, in ta kama rigarka ka juya ka cire sai ta kama wando. Doki ba ya shiga. Ƙananan ƙauyuka da ba su da ƙarfin gina ganuwa, kafi da ƙaya suke yi.

15/ Ba a nan kaɗai ba. Da sojojin Birtaniya suka isa Kano a Fabrairun 1903, abin da suka tarar a gindin ganuwa ke nan: rami cike da ƙaya mai rai. Shuka ta aka yi, aka kuma kula da ita shekara da shekaru. Ke nan kakanninmu sun riga Baturiyar Instagram renon ƙaya, sai dai su ba don ado suka yi ba.

16/ Ita ma tana da iyaka. A 1891 Mafara ta yi wa Sakkwato tawaye, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya murƙushe ta da yaƙi. Ƙaya na tsare ka daga 'yan hari na dare ɗaya. Rundunar daula wani zance ne. Tarihin 1891 na buƙatar zarensa daban, in Allah ya yarda.

17/ Bayan yaƙe-yaƙe sun kwanta ƙaya ta koma gona. Reshen magarya, farar ƙaya, ɗunɗu, a sare a jera a yi shinge wa lambun rani. Gefen burtali a dasa aguwa don shanu su wuce ba su leƙa gero ba. Shingen nan wata yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi da ba a rubuta ba: nan hanyarka, nan abincina.

18/ A ganina duk mai son ya fahimci rikicin Zamfara ya je ya tambayi tsofaffin ƙauyensu ina burtalin da, wa ya nome shi, yaushe. Ba shi kaɗai ne dalili ba, kada wani ya zo ya ce na ce. Amma yana ciki.

19/ Ko a fatara ƙaya ta yi mana rana. Ƙarangiya da muke zagi in ta maƙale a wando, a shekarun yunwa mutanen Sahel sun sussuke ta sun ci ƙwayarta. Bagaruwa kuma da 'ya'yanta ake jeme fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

20/ Yanzu ga inda na sha mamaki. Cikin ƙayoyin da muke ɗauka namu ne tun fil azal akwai baƙi. Kashin yawo, mai maƙalewa a jelar akuya da ƙafar wando, asalinsa Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Bahaushe bai san wannan ba amma ya raɗa masa sunan da ya dace da matafiyi.

21/ Na biyu kwarko. Kun san shi: ganye mai ƙaya da farin zane, fure rawaya mai laushi kamar takarda, in ka karya shi ruwa rawaya ya fito. Da rani yake cika bakin gulbi da fadama bayan ruwa ya janye. Sunansa na kimiyya Argemone mexicana. Daga Meziko da kewayenta ya taso. Ba dangin dayi ba ne, kama ce kawai, ya fi kusa da tsiron da ake samun ofiyom.

22/ A gaskiya kwarko ya fi dayi kyau, kuma a wasu ƙasashe ana shuka shi don furen. Amma ku ji wannan. Ƙwayarsa baƙa ce ƙanana kamar ta mastad. A 1998 a Delhi ta Indiya man girki ya gurɓata da man kwarko, mutum wajen 3,000 suka kwanta da kumburin jiki, sama da 60 suka mutu.

23/ Na san ana haɗa shi a maganin gargajiya, a Mali har an yi bincike kan dafaffen ganyensa don zazzaɓin cizon sauro. Wannan ganye ne, ƙarƙashin idon likitoci. Don Allah kada wani ya karanta zaren nan ya je ya tafasa abin da bai sani ba. Gidan da ke da yara ƙanana kuma ba wurin kwarko ba ne. Shi ya sa ni dayi na zaɓa.

24/ Abu ɗaya ya haɗa waɗannan tsirran duka, na gida da baƙin: suna son ƙasar da aka tayar aka bari. Inda aka kankare, aka baje, aka tafi. Ba sa iya kokawa da gero mai samun noma, ba sa son inuwar manyan itatuwa. Amma fili tsirara a rana, su ne farkon zuwa.

Riƙe wannan, don shi zai kai mu Bakolori.

25/ Ranar da Kaka ta ga bokitin ta tsaya da carbinta ta ce: "Kai mai gidana, mi kaka yi? Ƙaya ka kawo min cikin gida? Wanga shi aka koya muku Sakkwato?" Na fara mata bayanin Sukotlan. Ta ce in rufe mata baki. Sai ta ce: "Ni na ga shekarad da ƙaya tac ci gonarmu."

26/ Ban gane ba sai da na zauna. Zancen dam take.

27/ An gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin na ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya shafe fili wajen hekta 8,000. Bayan farin 1973, kuɗin mai na shigowa, burin shi ne a noma alkama da shinkafa rani da damina.

28/ Ruwan ya ci garuruwa da fadamu a ɓangaren Maradun, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai a kan tudu, ƙasar da ba ta kama ƙafar wadda suka baro ba. A ɓangaren Mafara da Bakura kuma, inda za a yi noman ban ruwa a hekta wajen 23,000, sai da aka baje gonakin mutane don ruwa ya iya gudu.

29/ Ku fahimci me "bajewa" ke nufi. Katafila ta shigo ta tuge ɗorawa, kuka, tsamiya, giginya. Ta share shinge da iyakokin da kowa ya gada ya san nasa. Manomi ya tsaya yana kallo, an ce kada ya shuka sai an gama. Wasu sun rasa damina fiye da ɗaya a haka, diyya kuma ta zo a makare ko ta zo a gutsure.

30/ Wannan ce shekarar Kaka. Ta ce in ka tsaya a inda gonarsu take ba ka gane ta, ba itace ko ɗaya da za ka yi alama da shi. Abin da ya rufe wurin kashin yawo ne da tsidau da dayi. Ta ce suna zuwa neman itacen girki su dawo zane duk ƙaya, su zauna cira har magariba. A lokacin tana goyon babana.

31/ Daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin, suna neman diyyarsu da gonakinsu. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Birnin Tudu na cikin wuraren da abin ya fi muni. An harbi mutane, an ƙona gidaje.

32/ Adadin da gwamnati ta amsa bai kai 30 ba. Masu bincike irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman sun kawo adadin da ya haura 380. Wani masani ɗan Suwidin da ya koyar a Zariya, Björn Beckman, ya yi rubutu a kai a 1985.

33/ Abin da ke ci min rai: a Mafara aka haife ni, na yi firamare da sakandare a nan, ina cin shinkafar Bakolori, ina zuwa bakin kanal wanka ana dukana. Ba a taɓa koya min wannan a aji ba. Sai da na shuka ƙaya a bokiti tsohuwa ta fusata sannan na ji. In kakanninku na da rai ku tambaye su yau, kada ku ce sai hutu.

34/ Kada a ce na ce dam bai yi amfani ba. Ya yi. Shinkafar Mafara da Bakura, tumatir, albasa, masarar rani, kuɗin makarantata ma daga nan wani ɓangare ya fito. Amma na'urorin feshin ruwa da aka kafa a mafi yawan filin sun mutu tun da daɗewa, kanal-kanal suka cike da laka da ciyawa, har aka dawo gyara da bashin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014.

35/ Mutanen ƙasa da dam kuma, masu jiran ambaliyar shekara ta jiƙa musu fadama su shuka shinkafa, su kama kifi, ruwansu ya ragu. W. M. Adams ya yi bincike a kansu a shekarun 1980. Su ba su samu kanal ba, ba su samu diyya ba.

36/ Sannan ga yau. Ba sai na gaya wa ɗan Zamfara ba. Kawuna na da gona a wani ƙauye ta wajen Maradun, ba zan faɗi suna ba. Damina uku ke nan bai shuka ta ba saboda 'yan bindiga. Wani da ya ratsa ta wurin ya ce masa ba ka ganin ƙasa, ƙaya ce har gwiwa. Kawu ya yi shiru, ya ce to aƙalla wani abu na tsaron ta.

37/ Don haka na daina ganin Kaka a matsayin wadda ba ta waye ba. Baturiyar can in ta ga ƙaya lambu take gani. Kaka in ta gani, gonar da aka hana mai ita shiga take gani, sau biyu a rayuwarta. Ni ne na zo da wasa a inda ba a wasa.

38/ Duk da haka ban tuge ba 😅 Ga abin da na koya ga mai son gwadawa. Karon farko tugo ƙaramin tsiro na yi daga gefen hanyar Bakura na dasa. Kwana uku ya mutu. Saiwarsa guda ce mai nitsewa ƙasa, in ta katse shi ke nan. Da iri ake yi.

39/ Na tsinko busassun kawuna, na sa a leda na murza da dutse, da hannu kada ka soma. Bokiti mai zurfi, a huda gindinsa. Ƙasa mai yashi, ba taki. Rana sosai. Ruwa kaɗan, in ka cika masa ruɓewa yake. Na yi wannan kuskuren ma, cikin guda biyar biyu suka rayu.

40/ Da farko ganye yake shimfiɗawa a ƙasa, ba kyan gani, ƙannena na ta min dariya wai na shuka abincin raƙumi babu raƙumi. Da ya yi fure kuwa, wallahi ku je ku duƙa ku kalli dayi da kyau sau ɗaya. Ƙayoyin a jere suke kamar an auna. Zuma da malam-buɗe-littafi suka fara zuwa gidan da ba su saba zuwa ba.

41/ Muhimmi: ka yanke kan da zarar furen ya bushe, kafin irin ya zube. In ba haka ba baɗi maƙwabcinka zai gaji abin da bai shuka ba, ka zama Willmott ta unguwarku. Kuma ka ɗaga bokitin sama, saboda yara da awaki.

42/ Da zan koma makaranta Kaka ta ce ba za ta taɓa shi ba ko zai mutu. Jiya ƙanwata ta kira ni ta ce ta kama ta da asuba tana juye masa ragowar ruwan buta, tana faɗa wai "mai gidan nan nawa bai da hankali." Ta kuma sa an mayar da bokitin kan katanga ta bayan rumbu, inda baƙi ba za su gani ba.

43/ 'Yan Bakura, Maradun, Anka, Gummi, da na Maraɗi in kuna nan: me kuke kiran dayi da kwarko a wurinku? Kuma wanda kakansa ya ga shekarar 1980 da idonsa ya yi min magana ta akwati. Ina tattarawa, ba zan sa sunan kowa ba sai da izininsa.